Man Shanu: Abincinmu, Maganinmu, Kuma Hajar Da Muka Raina

 A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar farashin bijimi da kuɗin tirela, mu duba wata 'yar haja da kusan kowane ɗayanmu ke ɗaukowa daga Arewa ba tare da ya ɗauke ta a bakin komai ba, wato man shanu. Da wuya falke ya taso daga Ngaundere, ko Banyo, ko Meiganga, ko ya ƙetaro daga Mubi, bai riƙo jarka ɗaya ko kwalba biyu ba, ko don tsarabar iyali, ko don mai masaukinsa a Briketeri, ko don wata hajiya mai sayar da abinci da ta ba shi saƙo.

Abin da ya ta da maganar shi ne, a 'yan shekarun nan ana ta yaɗa labarin man shanun Indiya a wayoyi, wai yana maganin kaza da kaza, har wasu na neman na gwangwani mai tsada alhali ga namu a ƙofar gida. Wasu kuma sun ji likita ya ce kitse na kawo ciwon zuciya, sun tsorata sun daina ci baki ɗaya. To, mu da muke zaune da saniya tun daga ruga har zuwa mayanka, ya kamata a ce mun fi kowa sanin gaskiyar lamarin.

Daga hantsa zuwa kwalba

Kowa ya san yadda Bafulatana ke yi. A tatso madara, a bar ta ta kwana ta zama kindirmo, a zuba a gora a yi ta kaɗawa har mai ya taso ya rabu da nono, a tsame shi a cura, a jefa cikin ƙwaryar nono a kai kasuwa. Wannan shi ne ɗanyen man shanu. Kashi 80 cikin 100 nasa ko ɗan fiye mai ne, sauran kuwa ruwa ne da ragowar nono. Wannan ruwa da nonon su ne ke sa shi tsami da fumfuna cikin 'yan kwanaki.

Idan aka ɗora shi a wuta, ruwan ya ƙone, guggubin nonon ya kwanta a gindin tukunya ya yi ja-ja, aka tace, abin da ya rage mai ne zalla, kashi 99 cikin 100. Shi ne soyayyen man shanu. Larabawa na ce masa samin, Habashawa na soya nasu da kayan ƙamshi, mu kuma mukan jefa albasa, Indiyawa na kiransa ghi. Suna ne ya bambanta, amma dabarar ɗaya ce: makiyayi a ƙasa mai zafi ya gano yadda zai adana albarkar damina ta kai shi rani ba tare da firji ba.

Yanzu ga lissafin da yawancinmu ba mu taɓa zama mun yi ba. Madarar shanunmu, Gudali ne ko Bunaji ko Rahaji, mai ɗin da ke cikinta bai cika wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ba. Ke nan kafin a sami kilo ɗaya na soyayyen mai sai an tatsi lita 20 zuwa 25, har ma fiye, domin kaɗawar gora ba ta fitar da man duka, wani na tafiya cikin nono. Saniyar da ke kiwo a daji kuwa, bayan maraƙi ya sha nasa, abin da ake samu a ƙwarya lita ɗaya ne zuwa biyu a yini. Ashe kwalbar lita guda da kake riƙe da ita, tatsar saniya ɗaya ce ta mako biyu zuwa uku. Duk wanda ya riƙe wannan lissafi a ka, in aka kawo masa man shanu a farashin man gyaɗa, ya san akwai lauje cikin naɗi. Araha ba ta ado.

Me ya sa Briketeri ke shan man shanu?

Unguwar Briketeri, wadda 'yan gari ke ce wa Brik, ta samo sunanta ne daga wata masana'antar bulo ta zamanin Turawa, kuma tun zamanin mulkin Faransa ta zama zangon Hausawa, Fulani, Barebari da sauran baƙin Arewa a Yawunde. Yawunde kuwa ƙasar kurmi ce, ƙasar manja. Ƙudan tsando da laima ba su bar kiwon shanu ya zauna a nan kamar yadda ya zauna a tudun Adamawa ba. Don haka naman da ake yi wa tsire da kilishi a Brik daga Arewa yake zuwa, ya sauka kasuwar Etudi, haka ma man da ake zubawa a kan tuwo. Tun da aka kammala layin dogo tsakanin Yawunde da Ngaundere a 1974, tafiyar sama da kilomita 600 ta koma ta kwana ɗaya, kuma hanyar da shanu suka bi ita man shanu ya biyo.

A gidan Bahaushe man shanu ba man suya ba ne na yau da kullum. Man karramawa ne. Tuwon masara ko na shinkafa da miyar kuka in babu cokali guda na man shanu a kai, sai a ce miyar ba ta ji ba. Haka dambu, haka burabusko, haka shinkafa da wake. Ana neman sa lokacin azumi, da Sallah, da suna, da gara, wurin nakiya da sauran kayan ɗakin amarya. Baƙon da aka ɗora wa man shanu a akushi ya san an daraja shi. Shi ya sa yaron da aka haifa a Brik, wanda bai taɓa ganin ruga ba, da ya ji ƙamshin soyayyen man shanu da albasa ya san ƙamshin gida ne.

Amma fa a lura, iskar Yawunde ba ta Marwa ba ce. Ruwan sama kusan wata takwas, ga laima ko'ina. Ɗanyen mai da zai yi kwanaki lafiya a hunturun Arewa, a nan nan da nan yake juyawa. Wanda zai sauko Kudu da man shanu, ya sa a soya shi tun can.

Yadda Indiyawa suka ɗauki nasu

A Indiya ghi na cikin girkin kullum. Ana shafa shi a kan gurasarsu, ana soya kayan ƙamshi a ciki a kwara a kan miyar wake, ana yin alawa da shi, mabiya addinin Hindu kuma na kunna fitila da shi a wuraren ibadarsu. Na gargajiya yadda namu yake ake yin sa, daga kindirmo a kaɗa a soya. Sai dai mai yawa daga cikinsa ba na saniya ba ne, na ɓaunar gida ce, wadda madararta ta fi ta saniya mai, kuma man nata fari ne. Wani abin da zai ba falke mamaki, jihohin Indiya da dama sun hana yanka saniya, saboda haka darajarta a wurinsu tana hantsa ne, mu kuwa muna auna ta da nama.

Suna da tsohon ilimin magani da ake kira Ayurbeda. Ɗaya daga cikin manyan littattafansa, Caraka Samhita, wanda ya kai kimanin shekara 2,000, ya fifita ghi a kan sauran mayuka. Masu wannan magani na dafa saiwoyi da ganyaye a cikin ghi don ya ɗauki ƙarfin maganin ya shigar da shi jiki, suna shayar da majiyyaci ghi na 'yan kwanaki kafin a ba shi maganin wankin ciki, suna shafawa a fata, har suna ajiye tsohon ghi na shekaru don magani kawai. Gwamnatin Indiya ta ba waɗannan magungunan gargajiya ma'aikata ta kansu a 2014. Abin lura shi ne, hatta waɗannan littattafai ba su ce kowa ya sha ba. Sun keɓe mai ƙiba sosai da wanda cikinsa ba ya narkar da abinci.

In ka duba, ba mu da nisa da su. Mu ma kakanninmu na shafa man shanu a kai da faso, suna haɗa shi da zuma don tari, suna ba mai jego da wanda ya tashi daga jinya don ya maida jiki. To, wanne ne gaskiya, wanne ne ba haka ba?

Abin da ya tabbata da abin da bai tabbata ba

Ya tabbata man shanu abinci ne mai ƙarfi. Babban cokali ɗaya na ɗauke da kuzari kusan kalori 120, ga sinadarin bitamin A mai amfani ga ido da fata. Ga yaron da ya fara cin abinci kuma ya rame, ko tsoho mai ƙarancin ci, ko makiyayin da ke wuni a ƙafa yana kora shanu, ɗan cokali a kunu ko tuwo alheri ne. Yana jure wuta fiye da ɗanyen mai, ba ya saurin ƙonewa. Wanda madara ke kumbura wa ciki ma galibi soyayyen mai ba ya damunsa, tun da an tace ragowar nonon. Yana kuma laushin busasshiyar fata.

Haka kuma ya tabbata cewa kusan kashi 60 cikin 100 na man shanu irin kitsen nan ne mai daskarewa, wanda yawan cinsa ke ƙara kolastarol a jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga babban mutum, cokali biyu da rabi na man shanu ya cinye wannan kaso kaf, ba a ma lissafa tsire da manja ba. A nan ne maganar ta zo kanmu. Makiyayi na ƙone abin da ya ci da tafiya. Alhajin da ke zaune a kan tabarma a kara daga safe har la'asar yana ciniki a waya, ga shayi mai suga, ga nama sau biyu, ga hawan jini ko ciwon suga, shi ba jikin makiyayi gare shi ba. Irin wannan ya rage hannu, ya kuma riƙa zuwa ana auna shi. Maganar cewa man shanu na warkar da suga, ko yana wanke jijiyoyin jini, ko yana narkar da teɓa, babu hujjar likita da ta tabbatar da ita, na Indiya ne ko na Adamawa. Kada kowa ya ajiye maganin asibiti saboda abin da ya gani a waya.

Akwai wurare uku da al'ada ke sa man shanu, waɗanda ya kamata mu gaya wa iyalanmu su bari. Na ɗaya, cibiyar jariri. Shafa mata mai, kowane iri ne, na iya shigar da ƙwayar tetanas, mai sandarar da jariri ta sarƙe masa muƙamuƙi. A bi abin da ungozomar asibiti ta ce. Na biyu, ɗura wa jariri man shanu a baki ko ɗiga masa a hanci. Man na iya zarcewa huhu ya haddasa ciwo mai wuyar magani. Jariri ba ya buƙatar komai sai nonon uwa har wata 6, kuma dakashin farko shi ne rigakafinsa, kamar dai yadda duk makiyayi ya san maraƙin da bai sha dakashi ba da wuya ya yi ƙwari. Na uku, ƙuna. Mai na riƙe zafi a cikin fata. A sa wurin a ruwa mai sanyi na kamar minti 20, sannan a nufi asibiti.

Algus, da abin da ido ba ya gani

Duk hajar da ta yi tsada sai an sami mai yi mata algus. A Indiya tun 1937 aka fara sayar da wani man itatuwa da aka daskarar a masana'anta ya yi kama da ghi, ana ce masa banaspati, kuma marasa amana suka riƙa cakuɗa shi da na gaske. Daga baya bincike ya nuna irin kitsen da wannan daskararwa ke haifarwa ya fi na dabba illa ga zuciya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2018 a kawar da shi daga abinci. A 2024 ma zargin an cakuɗa kitsen dabba a ghin da ake yin alawar wani babban wurin ibada a garin Tirupati ya girgiza ƙasar, har maganar ta kai Kotun Ƙoli. Mu ma a nan an san masu haɗawa da botar kanti, da narkakken kitse, da man gyaɗa, da dafaffen dankali, a sa ɗan launi ya yi rawaya.

Ga 'yan dabarun da mai saye zai gwada. Ka ɗebi kaɗan ka ɗora a tafin hannu: na gaske na narkewa da ɗumin jiki, mai kitse kuwa na daɗewa, kuma in ka ɗanɗana sai ya manne maka a ganɗa. Ka narkar da cokali ɗaya a wuta: in yana tartsatsi da yawa, akwai ruwa, ba a soya shi ya nuna ba. Ka ɗiga aidin a cikin narkakken mai: in ya koma shuɗi-baƙi, an sa gari ko dankali. Kada launi ya ruɗe ka, man damina ya fi rawaya saboda ɗanyar ciyawa, na rani ya fi fari, duka biyun na iya zama na ƙwarai. Waɗannan dabaru na kama ƙaramin mai algus ne kawai. Babban makami shi ne ka san rugar da man ya fito da hannun da ya soya.

Sai kuma abin da ba a gani da ido. Ɗanyen mai daga madarar da ba a tafasa ba na iya ɗauke da ƙwayar bakkale, cutar nan mai sa shanu ɓari, wadda a jikin mutum take zama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin sauro a banza. Haka ma tarin fuka na shanu. Suya na kashe waɗannan. Amma ba a dogara da suya ta kawar da ragowar magani ba. Allurar tsutsa irin su ivermectin da magungunan kaska da yawa na son mai, a cikin man madara suke taruwa. Kowane magani na da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba da ba a shan madarar saniyar da aka yi wa. Mu da muke saya wa masu kiwonmu magani, nauyi ne a kanmu mu karanta mu gaya musu. Sannan don Allah kada a zuba man shanu a jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin kaska, ko na feshi, ko man mota, ko da an wanke ta sau goma. A nemi kwalba ko sabuwar jarka busasshiya, a cika ta, a toshe, a ɓoye daga rana, kada cokali mai ruwa ya shiga. Wanda kuma zai ƙetara iyaka da mai yawa don sayarwa ya tuna kayan dabba ne, malaman dabbobi na da hurumin dubawa, gara ya nemi takarda tun kafin ya taso.

Rabon maraƙi

Akwai wani gefe da ya shafi aljihunmu kai tsaye. A ruga, shanu na maigida ne, amma madara ta uwargida ce, da ita take sayen hatsi, gishiri da sabulu. Idan kasuwar man shanu ta yi zafi, hannu na ƙara nauyi a hantsa, maraƙi ya tashi da yunwa. Maraƙin da aka ƙwace wa nono a watanninsa na farko shi ne tsumburarren san da za a kawo mana kara bayan shekara huɗu muna taya shi da raini. Wato kwalbar da muka matsa aka sayar mana da araha yau, mu ne za mu biya cikonta gobe. Wanda ke da shanu a hannun makiyayi ya zauna da shi da matarsa a yi magana a fili: a rage tatsa da rani, a taimaka da dusa ko ƙuli-ƙulin auduga ga shanun tatsa, man kuma a saye shi da farashin da ya dace da wahalarsa.

Darasin da ya fi ghi tsada

In akwai abin da za mu ɗauko daga Indiya, ba gwangwanin ghi ba ne, tsari ne. A 1946 ƙananan masu shanu a garin Anand na jihar Gujarat suka gaji da yadda 'yan tsakiya ke taya madararsu, suka haɗa ƙungiyar gama kai, wadda ta zama Amul. Kowace safiya da yamma mace ta kawo madararta, ko lita ɗaya ce, a auna yawan man da ke ciki a gabanta, a biya ta gwargwadon haka. Mai ƙara ruwa kansa ya cuta. A 1970 aka fara yaɗa wannan tsari a faɗin ƙasar ƙarƙashin jagorancin Verghese Kurien, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 Indiya ta zama ta ɗaya a duniya wajen madara. Yau tana samar da sama da tan miliyan 200 a shekara, mafi yawa daga hannun masu saniya biyu ko uku.

Mu ba a ce mu gina masana'anta gobe ba. Amma hanya tana hannunmu, mota tana hannunmu, mun san ruga, mun san Brik, kuma sana'armu tun asali a kan amana take tafiya, ana ba da shanun miliyoyin sefa da kalmar baki da shaidar mai masauki. Me zai hana fatake biyar ko goma su daidaita da matan ruga ɗaya ko biyu, a soya mai a tsabta, a zuba a kwalba mai sunan gari da watan da aka soya, a ajiye a shagon mutum ɗaya sananne a Briketeri, wanda in an sami matsala an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa? Mai saye ya huta da zullumi, Bafulatana ta sami farashi, maraƙi ya sami rabonsa. Muna roƙon shugabannin rassa su sa wannan magana cikin ajandar taronsu na gaba, wanda kuma ya riga ya gwada irin haka ya aiko mana da yadda ta kaya don sauran 'yan'uwa su amfana.

Allah ya albarkaci dukiyarmu, ya kiyaye hanya, ya ba mu lafiyar cin halaliyarmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.